Gishirin da Ƙanƙara Ta Tofar

Duk wanda ya taɓa sayen ƙanƙarar zoɓo a leda da bazara ya san wannan abu, ko da bai taɓa zama ya yi tunaninsa ba. Ka ciji kusurwar ledar ka fara tsotsa. Abin da ke fara zuwa bakinka ja ne wur, mai kauri, zaƙinsa har ya so ya yi yawa. Kafin ka kai rabi sai ka ga wani farin dunƙule ya rage a hannunka, salam, ba launi ba ɗanɗano. Yara kan ce mai zoɓon ce ta cika ruwa. Alhakinta suke ɗauka. Ruwa idan zai daskare ƙwayoyinsa jeruwa suke yi sahu-sahu, kuma sahun ba ya karɓar baƙo. Sukari da launin zoɓo sai a ture su gefe, su maƙale a 'yan siraran hanyoyi tsakanin ƙanƙarar, shi ya sa su ke riga komai fitowa.

Abin da ke faruwa a firijin mai zoɓo shi ne ke faruwa a tekun da ya kewaye Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, sai dai a can gishiri ne a madadin sukari, ledar kuma ba ƙarama ba ce. A watan Fabrairu ƙanƙarar da ke kan tekun ba ta cika wuce murabba'in kilomita miliyan 3 ba. Kafin Satumba, lokacin da mu muke ƙarshen damina can kuma hunturu ya kusa ƙarewa, takan kai wajen miliyan 18. Abin da ke ƙaruwa duk shekara ya kai girman Najeriya sau 16. Gishirin da wannan ƙanƙara ke tofarwa shi ke haifar da ruwan da ke kwance a can gindin manyan tekuna, ƙarƙashin kowane ruwa, wanda ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na dukkan ruwan teku.

Tun kafin a san inda ruwan zurfin teku yake fitowa aka fara taɓa sanyinsa. A 1751 wani Bature, Henry Ellis, kyaftin ɗin wani jirgin fataucin bayi na Ingila, ya tsaya a Tekun Atalantika yamma da gaɓar Afirka ya zura wani guga na musamman mai marufi sama da ƙasa, wanda Stephen Hales ya ƙera. Yana sauka a buɗe, ruwa na ratsa shi, da an fara ja sai marufan su rufe. Ruwan da ya fito daga zurfin sama da mita 1,000 sanyi gare shi, alhali rana na dukan saman tekun. Ellis bai ga wani amfaninsa ba illa sanyaya giyarsa da ruwan wankansa, a jirgin da aka tanada don loda 'ya'yan mutane kamar buhuna. Sai a 1797 Count Rumford ya yi lissafin da ya dace: ruwa mai wannan sanyi ba zai samu a ƙasar zafi ba, dole daga ƙarshen duniya ya gangaro ta ƙasa.

Ga yadda ake haɗa shi. Mudun gero da mudun dusa girmansu ɗaya, nauyinsu daban, haka ma ruwa. Litar ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Litar ruwan teku, mai ɗauke da gishiri wajen giram 35, takan kai giram 1,025, ta yankin Antatika kuma wajen 1,028. Abu biyu ke ƙara wa ruwan teku nauyi, sanyi da gishiri. Ruwan daɗi yana da wata ɗabi'a ta daban, nauyinsa na tsayawa ne a digiri 4, in ya ƙara sanyi sai ya koma sauƙi. Ruwan teku kuwa ƙara nauyi yake yi har ya kai inda zai daskare, wato digiri 1.9 ƙasa da sifiri. Daga nan sanyi ya gama nasa, ba zai iya ƙara komai ba. Sauran aikin na gishiri ne.

Daskarewar ba farat ɗaya take zuwa ba. Da farko wasu 'yan allurai ne na ƙanƙara ke bayyana suna yawo a cikin ruwan. Idan sun yi yawa sai saman tekun ya yi kauri kamar koko, ya yi sumul kamar an zuba masa mai. Igiyar ruwa ta riƙa dunƙule wannan kokon tana gwara shi da juna, har ya zama faya-fayai zagayayyu masu ɗagaggen baki, kai ka ce faifan rufe ƙwarya ne aka baza har iyakar ganin ido. Faya-fayan su manne su zama shimfiɗa guda. A kowane mataki ana ture gishiri. Wani ya faɗa ruwan ƙasa nan take, wani ya maƙale a cikin ƙanƙarar a hanyoyi sirara, ya yi ta tsiyaya mako bayan mako. Daga giram 35, ƙanƙarar da ta shekara ba ta riƙe fiye da wajen giram 5. Wadda ta yi shekaru kuwa, a arewacin duniya narkar da ita ake yi a sha. Mutanen Bilma rana ce ke ɗauke musu ruwa ta sama ta bar gishiri a rami. A Antatika sanyi ne ke ɗauke ruwan, ya mai da shi dutse, ya bar gishirin a cikin wanda bai daskare ba.

Sai dai akwai cikas. Ƙanƙara bargo ce. Da ta yi kaurin mita guda ta raba ruwa da sanyin iska, ƙaruwarta sai ta koma tafiyar hawainiya. Ƙanƙarar da ta samu wuri ta kwanta ba ta ƙara tsinana abin kirki. Kafin a samu gishiri mai yawa a wuri guda, dole a samu mai share ta da zarar ta haɗu, domin sabuwa ta samu gurbi.

Mai sharar ita ce iska. Tsakiyar Antatika tudun ƙanƙara ne da ya haura mita 3,000. A dogon daren hunturu iskar da ke kansa takan yi sanyi ta yi nauyi, sai ta gangaro zuwa gaɓa kamar ruwan kwari, tana ƙara gudu. Douglas Mawson da mutanensa, da suka zauna a Cape Denison a 1912 da 1913, sai da suka koyi tafiya da ƙusoshi a takalmi suna jingina da iskar kamar bango. Idan wannan iska ta fito kan teku sai ta tura sabuwar ƙanƙara can nesa da gaɓa, ta bar wani fili na ruwa a buɗe a tsakiyar hunturu. Masana sun ari kalmar Rashanci suna kiran filin folinya. Iska na digiri 20 ko 30 ƙasa da sifiri, ruwa na kusan digiri 2 ƙasa da sifiri, don haka ruwan ne mai ɗumi a wurin, har tururi ke tashi daga kansa kamar hayaƙi. Allurai su haɗu, iska ta kwashe, wasu su haɗu, ta sake kwashewa, dare da rana har wata shida ko fiye. Waɗannan filaye ba su wuce kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙanƙarar tekun ba, amma wajen kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar a cikinsu ake yin ta.

Gishirin ba zurfin teku yake wucewa kai tsaye ba. Kewaye da nahiyar akwai wani dakali a ƙarƙashin ruwa, zurfinsa wajen mita 500, mai kwaruruka da ke aikin randa. A nan ruwan mai gishiri ke taruwa yana ƙara nauyi. Abin mamakin shi ne ƙanƙantar bambancin: abin da ya ƙaru a kowace lita bai cika wuce rabin giram ba, ɗan abin da uwargida za ta ɗiba da yatsu biyu ta barbaɗa a miya. Harshe ba zai ji shi ba. A Tekun Weddell wani kason ma yakan kutsa ƙarƙashin ƙatuwar rumfar ƙanƙara ta Filchner da Ronne, inda matsin zurfi ke ba ruwa damar wuce digiri 2 ƙasa da sifiri bai daskare ba, ya fito ya fi yadda ya shiga sanyi.

Idan randa ta cika sai ta tumbatsa. Ruwan ya haura bakin dakalin ya bi gangara zuwa zurfin mita 3,000 ko 4,000. Juyawar duniya ba ta barinsa ya miƙe, a kudancin duniya kullum hagu take karkata abin da ke tafiya, don haka yakan bi gefen gangarar yana sauka a karkace. A hanya yana jan ruwan da ya fi shi ɗumi yana cakuɗawa da shi, yawansa na ninkuwa, nauyinsa na ɗan raguwa. Abin da ke sauka a kowace daƙiƙa ya ninka abin da dukkan kogunan duniya ke zubawa a teku sau da yawa. Kuma da guzuri yake tafiya: iskar oksijin da ya shaƙa lokacin da yake sama, ita ce numfashin halittun da ke can ƙasa inda rana ba ta taɓa leƙawa ba.

Wani reshensa yakan nufo arewa ta Atalantika. Ta gefen Afirka wani dogon tsauni na ƙarƙashin teku, Walvis, daura da Namibiya, ya tare hanya. Sai ya bi ta gefen Brazil, ya kutsa ta mashigin Vema, ya zo daidai tsakiyar duniya ya samu wata tsaga mai suna Romanche a jikin tsaunin da ya raba Atalantika biyu, ya ɓullo gabas. Wanda ya tsaya a bakin teku a Legas ko Ankara yana jin ruwa da ɗumi a ƙafarsa, can gaba a zurfin kilomita 4 ruwan wajen digiri 2 ne, kuma da ɗigon Antatika a cikinsa. Tafiyar ta ɗaruruwan shekaru ce. Sannu ba ta hana zuwa.

To, wa ya gani? Ba mai iya nutso ya bi shi, kuma launinsa ɗaya da kowane ruwa. Yawancin abin da aka faɗa a kansa da guga aka jawo shi, kuma a nan ne ni abin ya fi burge ni.

Gugan yau wani zagayayyen keji ne na ƙarfe, ya kai tsayin mutum, an jera masa goruna 24 ko 36 a tsaye. Kowace gora bututun roba ce mai cin lita 10 zuwa 12, da marufi sama da ƙasa waɗanda wata roba ta cikin bututun ke ja su rufe. Sunan wanda ya ƙirƙiro ta, Shale Niskin, shi ta ci. Kafin a zura, ma'aikaci zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗana: ya ja marufan ya buɗe, ya maƙala zarensu a ƙugiyar da ke tsakiyar kejin, ya duba ɗan famfon ƙasa da mashaƙar sama ko a rufe suke. Gora ɗaya da aka manta famfonta a buɗe, rijiya ta bayar ke nan guga ya hana. A ƙasan kejin akwai na'urar da suke kira si-ti-di, mai auna abu uku sau da yawa a kowace daƙiƙa: zafi, da matsi wanda ke nuna zurfi, da yadda lantarki ke ratsa ruwan, domin gwargwadon gishiri gwargwadon ratsawar. A wannan yanki ba a barin ta a waje tana jira, don in ruwa ya daskare a cikinta ta lalace.

Jirgi zai tsaya cak, matuƙi na fama da iska da faya-fayan ƙanƙara kada su guntule waya. A sauke kejin mita 10 a bar shi ya jiƙa, na'urorin su saba da ruwan, sannan a sake shi yana sauka wajen mita ɗaya a daƙiƙa. Wayar da ke riƙe da shi ita ce kuma ke kawo labari. A ɗakin aiki mutum na zaune gaban kwamfuta yana kallon layuka suna zana kansu. Kusa da sama sanyi. A 'yan ɗaruruwan mitoci layin zafi ya karkata ya haura sifiri, wannan tsohon ruwa ne da ya zo daga nesa, oksijin ɗinsa ya ragu. Sai can kusa da ƙasa layin ya komo baya, sanyi ya ƙaru, oksijin ya tashi. Wanda ya san aikin yana ganin wannan lanƙwasa ya san ya taka sabon ruwa, wanda bai daɗe da rabuwa da iska ba. Daga nan sai taka-tsantsan: yana kiran mai injin naɗe waya ta rediyo, a rage gudu, a ƙara ragewa, a tsaya saura mita 10 a taɓa ƙasa. Ɗan sakaci kaɗan, kejin ya nutse a taɓo da kilomita 4 na waya a kansa.

A hanyar dawowa ake rufe gorunan. A kowane zurfin da aka zaɓa za a tsaya, a jira aƙalla rabin minti domin ruwan da kejin ya jawo a bayansa ya wuce, sannan a danna. Mai gaggawa da ya ƙi jira, ruwan wani zurfin zai kawo da sunan wani. Zuwa da dawowa sa'a uku ne ko huɗu.

Idan keji ya hau jirgi, ɗiban ruwan ma da layinsa. Masu auna iskar da ke narke a ruwa su ne farko, domin da an buɗe gora iskar waje ta fara shiga. Mai ɗiban oksijin zai sa ɗan siririn tiyo a famfon, ya kai bakinsa har gindin kwalba, ya bar ruwa ya cika ya yi ta zuba har ninki uku na cikinta, yana ɗan ƙwanƙwasa tiyon kada ƙwayar kumfa ko ɗaya ta maƙale. Ya zuba magani iri biyu, ya toshe, ya girgiza. Ruwan ya yi gari-gari ruwan ƙasa, kuma gwargwadon duhunsa gwargwadon oksijin ɗin da ke ciki. Hanyar Lajos Winkler ce ta 1888, har yau da ita ake gyara wa na'urorin zamani kuskure. Duk wannan da yatsu ake yi, a cikin ruwan da ya fi na firiji sanyi, sau da yawa da ƙarfe uku na dare. Mai ɗiban gishiri kuma zai ɗauraye kwalbarsa sau uku da ruwan gorar, ya cika, ya goge bakin ya bushe, don ɗigon da ya bushe a nan zai bar gishirin da zai ɓata awo. Wanda ya ɗauraye sau ɗaya don hannunsa ya ƙage ba wanda zai gan shi a daren. Lambarsa ce za ta fita daga sahu bayan kwana biyu.

Kwalaben sukan kwana a ɗakin awo har zafinsu ya daidaita da na ɗakin, sannan a gwada su da wani ruwan teku na musamman da ake rufewa a ƙananan kwalabe a rarraba wa duniya, domin awon Bajamushe da na Bajapane su zama mudu ɗaya. Martin Knudsen ne ya fara wannan tsari a Kopenhagen wajen 1900. Kuskuren da ake yarda da shi bai wuce 0.002 na giram a kilo ba, haka ma zafi, 0.002 na digiri.

Matsalar ita ce jirgi da rani yake iya zuwa, ruwan kuma da hunturu ake yin sa. Dabara ta farko turke ce. A jera na'urori a doguwar waya, a ɗaura mata ƙwallaye masu iyo a sama, a ƙasa kuma nauyi, sau da yawa tsoffin ƙafafun jirgin ƙasa, a jefa a tafi. Bayan shekara ɗaya ko biyu a dawo daidai wurin a aika wani sauti cikin ruwa. Ƙugiyar ƙasa ta ji kiranta ta saki nauyin, wayar ta taso. In an yi rashin sa'a ta taso ƙarƙashin ƙanƙara, aikin shekara biyu na nan kusa amma ba hannu.

Dabara ta biyu ta fi ban sha'awa. Akwai wata ƙatuwar dabbar teku, mai ɗan kama da ayu ko da yake ba danginsa ba ce, wadda namijinta ke da hanci kamar guntun hannun giwa. Tana nutso fiye da mita 1,000 neman abinci, kuma hunturu ba ya korar ta. Masana kan manna mata ƙaramar si-ti-di a ka da gam, wadda ba ta fi cikin tafin hannu ba. Duk nutson da ta yi awo ne, duk fitowar da ta yi shan iska na'urar ta aika wa tauraron ɗan'adam. Lokacin da ta zo saɓa gashinta na shekara, na'urar ta faɗi da kanta.

Da waɗannan dabaru aka gano wuri na huɗu da ake haɗa wannan ruwa. An daɗe da sanin uku: Tekun Weddell, Tekun Ross da gaɓar Adélie. Masanan Japan suka lura a hotunan tauraro cewa folinyar Cape Darnley na yin ƙanƙara fiye da kowace in ban da ta Ross, suka kafa turaku a gangarar a 2008. Turakun suka nuna ruwa mai nauyi na saukowa ta kwari, dabbobin kuma suka kawo awon gishirin kan dakalin a tsakiyar hunturu. A 2013 Kay Ohshima na Jami'ar Hokkaido da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon.

Wannan tsantseni na 0.002 shi ya sa ake iya ganin abin da ke sauyawa. A Fabrairun 2010 wani ƙaton tsibirin ƙanƙara mai lamba B-9B ya bangaji harshen ƙanƙarar Mertz, ya karya wani yanki nasa mai tsawon kusan kilomita 80. Harshen nan shi ke tare ƙanƙarar da ke zuwa daga gabas ya bar folinyar gaɓar Adélie a buɗe. Da ya tafi yin ƙanƙara ya ragu, gishirin ruwan dakalin ya ragu tare da shi. A wasu wuraren narkewar ƙanƙarar nahiyar ce ke tsarma ruwan, kamar a ƙara wa miya ruwa, kuma jiragen da ke komawa kan layukan da aka auna tun shekarun 1990 suna samun ruwan gindin ya ɗan yi ɗumi, ya rage gishiri, kaurinsa ya ragu. Bambancin a lamba ta biyu ko ta uku bayan ɗigo yake. Ana iya gaskata shi ne saboda wani, shekara 30 da suka wuce, a daidai wannan wuri, ya tsaya cikin dare ya ɗauraye kwalbarsa sau uku ya goge bakinta.